Ja a Idon Hagu

Ku da kuka cika mini waya da dariya wai tsoho ya faɗa soyayya, na gani. Ban amsa ba ne don ku ba sa'annina ba ne. Wanda ya rubuta cewa in nemi carbi in zauna, ya sani ina da shi tun ba a haife shi ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni mai gyaran agogo ne. Shagona tebur ɗaya, fitila ɗaya, kujera ɗaya. Matata ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yana biyu, duk mata. Babba tana gidan mijinta, Auta tana tare da ni, tana aikin ofis. A tsallaken titi, daidai ƙofar shagona, akwai wata mai ɗinki. Ina ce mata Maƙwabciya, tana ce mini Maƙwabci. A kanta ake wannan magana.

Agogo ne ya haɗa mu. Ta kawo mini shi a ƙulle cikin hankici, agogon hannu na maza, fuskarsa babu gilashi. Na duba bakinsa na ce wannan ba fashewa ya yi ba, cirewa aka yi. Ta ce haka ne. Mijinta ne ya sa aka cire bayan ya makance, don ya riƙa shafa hannuwan da yatsa ya san lokaci. Yanzu ya rasu, tana so a mayar. Na mayar. Tun daga ranar take ɗaura shi, duk da ya yi mata yawa. In ta ɗaga hannu sai ya zame har kusa da gwiwa.

Ban iya kewaye-kewaye ba. Da abin ya ishe ni, na tsallaka titi na ce ina son aurenta. Ko keken ɗinkin ba ta tsayar ba.

"Maƙwabci, ka je a duba idonka."

"Me ya samu idona?"

"Jiya na gaishe ka ta wannan gefen, ka wuce kamar mun yi faɗa. Shekaranjiya ka zubar mini da kwandon zare, kuma ba ka san ka zubar ba sai da ka ji ƙara. In za ka tsallaka titi kuwa, kai kake juyawa gaba ɗaya kamar mujiya."

"Ni? Ni da nake ɗauko kusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba da hantsaki?"

"Mijina ma yana zura mini zare a allura har shekarar da ya fara karo da ƙofa." Nan ne ta tsayar da keken. "Na ja makaho ɗaya har bakin kabari. Hannuna ya gaji. Ba zan ja na biyu ba."

Na juya na koma shago. Ranar ban gyara ko agogo ɗaya ba.

Ku san wani abu game da gidana. Babba ta riga ta shirya mini ɗaki a gidanta, har da labule sabo. So take in rufe shago, in tare can, in riƙa kallon jikoki. Maganar aure kuwa, cewa ta yi abin kunya ne, wai mutane za su ce sun kasa kula da ubansu. Auta ba ta cewa e, ba ta cewa a'a. Ita ce mai haɗarin. Duk abin da ta gani, yayarta ta gani.

Da na ce mata ta kai ni asibitin ido, sai ta ajiye dutsen guga ta dube ni.

"Baba, kai da ko ciwon kai ba ka yarda kana yi?"

"Goge rigar."

Ta goge mini ruwan tokar, mai aljihu a ƙirji, wadda nake sawa in za ni wurin manya. Na sa baƙar hula, na goge takalmi da kaina. Na ce in likita zai gan ni, ya ga mutum.

Wurin jira dogo ne, benci-benci, fanka tana juyi ba iska. Auta ta zauna a damana. Na miƙe baya na kafa ido a ƙofar likita, don ban zo kallon kowa ba. Tsofaffi ne ko'ina, wasu da sanda, wasu an manne musu ido da auduga. Wani ma jikarsa ce take gaya masa inda zai sa ƙafa. Ina ta jin warin man keke, na shinshina yatsuna, na ce daga shago na taho da shi.

Auta sai leƙe take ta gaban hancina.

"Me kike leƙe?"

"Ba komai, Baba."

"To ki natsu. Ni ba ciwo ya kawo ni ba. Na zo ne in rufe bakin wata. Kuma ko me injinsu ya ce, na san abin da zan faɗa mata."

"Baba, rage murya."

"Bakina ne."

Aka kira mu. Da farko wata ma'aikaciya ta tsayar da ni gaban allo mai zane kamar yatsu uku, wani ya kalli sama, wani ƙasa. Ta ce in nuna inda suka kalla. Na nuna tun daga sama har layin ƙarshe, wanda Auta ma sai da ta tsuke ido. Na dubi Auta. Ban ce komai ba, amma ta ji.

Sai ta ɗiga mini wani ruwa, ta taɓa idon da wani abu mai shuɗin haske. Ta rubuta, ta sake taɓawa, ta sake rubutawa. Ban so wannan maimaicin ba. Ni ma in na buɗe agogo sau biyu, to na ga abin da ban so ba.

Daga nan ta kai ni ɗaki mai duhu. Akwai wani inji kamar babban farin kwano an kafa shi a tsaye. Ta sa na ɗora haɓa, ta rufe mini idon dama, ta danƙa mini wani abu mai maɓalli.

"Baba, kalli wannan ɗigon na tsakiya, kada ka juya ido. Duk lokacin da ka ga haske ya ƙyafta a ko'ina, ka danna."

Aka fara. Haske ya ƙyafta kusa da tsakiya, na danna. Ya sake, na danna. Daga nan shiru. Ina jin injin yana motsi a ciki, ƙit, ƙit, amma ban ga komai ba. Fari fat. Ya sake yin ƙit, ban ga komai ba.

Masu karatu, rayuwata duka sauraron cikin inji nake yi. In aka ajiye mini agogo a kunne, zan gaya muku inda ya gaji. Sai na bar idon, na kasa kunne. Na lura kafin kowane haske akwai ɗan motsi, bayansa ɗan tsayawa. Na kama tafiyarsa. Ya yi ƙit, in ɗan jira, in danna. Ya yi ƙit, in danna. Ban bar ko ɗaya ya wuce ba. Da aka koma idon dama ma haka na yi, duk da can ina ganin da yawa. Na tashi ina gyara hula, ina cewa a raina, inji dai inji ne.

Likitar mace ce, ba za ta girmi Babba ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta dubi abin da injin ya fitar, ta ɗan yi murmushi. Murmushin ne ya fara ɓata mini rai.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

"Gyaran agogo."

"Shi ya sa. Kunnenka ƙalau yake."

Auta ta ce, "Me ya faru, likita?"

"Injin nan wani lokaci yakan yi motsi da gangan, amma ba ya kunna haske. Tarko ne. Baba ya danna a duka." Ta juyo gare ni. "Ka ga haske har inda babu shi. Ko jariri bai kai ka gani ba."

Auta ta toshe baki da mayafi.

"Yarinya, kina cewa ƙarya na yi?"

"A'a, Baba. Cewa na yi wannan gwajin ya lalace. Za mu yi wanda ba ya tambayar ka komai. Hoton jijiyar idon za mu ɗauka."

Na so in tashi in fita. Abin da ya zaunar da ni shi ne Auta tana kallo, kuma in na fita, kafin in kai gida Babba ta ji cewa na gudu.

Suka ɗiga mini wani ruwan mai yaji, suka bar ni har fitilun ɗakin suka fara yi mini kumfa. Sannan aka kai ni gaban wani injin. Wannan ba maɓalli, ba tambaya. Na ɗora haɓa, goshi ya jingina da ƙarfe mai sanyi. A ciki akwai ɗan koren tauraro. Aka ce in kalle shi, kada in ƙifta. Wani jan layi ya sauko ya share idon kamar ana shara. Na kasa kunne don sabo. Ba abin da zan yi da abin da na ji. Kafin in haɗiye yawu an gama.

Likita ta juyo da fuskar kwamfuta wajenmu. Zobe biyu ne, kamar fuskar agogo guda biyu, an yanka su gida-gida, kowane gida da launinsa.

"Baba, jijiyar ido kamar igiya ce da aka tufka da zare masu yawan gaske. Ita ke kai abin da ido ya gani zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan hoton kaurin igiyar yake aunawa. Kore, zaren yana nan. Rawaya, ya fara sirancewa. Ja, ya tafi."

Ban tambaya ba. Ina gani. Na dama kore ne da rawaya, da ja gida ɗaya a ƙasa. Na hagu kuwa kamar an yanka kaza a kai. Kore ɗan tsito ne ya rage a gefe guda.

"Hawan jinin ido ne," in ji ta. "Ruwan cikin idon ne yake matse jijiyar a hankali. Ba ya ciwo, kuma daga gefe yake fara ci. Tsakiya yake bari sai ƙarshe. Shi ya sa kake aikinka lafiya, kake karanta allo har ƙasa."

"To a canza ta."

"Na'am?"

"In ƙarfe ya cinye a agogo, cirewa nake in sa wani."

"Wannan ba ta da canji, Baba. Abin da ya yi ja ya tafi ke nan. Faɗanmu a kan koren ne da rawayan. Akwai maganin ɗigawa, safe da yamma, kullum, ba fashi, har iyakar rai. In ka riƙe shi, muna sa ran ka riƙe abin da ya rage. Bayan wasu watanni mu sake hoto mu gwada da wannan."

"In ban riƙe ba fa?"

Ta nuna na hagun da bakin biro, ta kai biron kan na daman. Ba ta ƙara magana ba. Na ji daɗin hakan, ban son mai yawan bayani.

"Kuma yana bin jini," ta ce wa Auta. "Ke da 'yan'uwanki ku zo a duba ku."

Ta buga hoton a takarda ta ba ni. Na ninke shi na sa a aljihun ƙirji. Ban lura ba ashe Auta ta riga ta ɗauki fuskar kwamfutar da wayarta.

Muka koma bencin nan muna jiran magani. Komai ya yi mini hazo saboda ruwan da suka ɗiga, hasken taga kamar ana soka mini allura. Na sunkuyar da kai.

"Auta, kada kowa ya ji."

Ta kau da kai.

"Da ke nake."

"Baba, likita ta ce a gaya wa Yaya. Na riga na tura mata, ta ga hagun duk ja ne."

Ban zage ta ba. Na ciro waya na miƙa mata, don ba na ganin rubutun.

"Nemo mini Maƙwabciya. Ki danna wurin murya."

"Baba..."

"Danna."

Ta danna. Na gyara murya, na ce, "Maƙwabciya, barka da rana. An duba. Na karanta allonsu tun daga sama har layin ƙarshe. Likita ma cewa ta yi ko jariri bai kai ni gani ba. Sai na shigo."

Ku duba da kyau, babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Haka na gaya wa kaina. Saƙon ya tafi. Wayar wani ta yi ƙara a kusa, ban kula ba. Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi kamar za ta yage shi.

A cikin tasi wayar Auta ta fara. Saƙon murya bayan saƙon murya. Ta ƙi buɗewa, na ce ta buɗe. Muryar Babba ta cika motar, har direba ya rage rediyo don ya ji da kyau.

"Auta, na ga hoton, na nuna wa maigidana, ya ce wannan ba wasa ba ne. Ki gaya wa Baba shago ya ƙare. Titin nan da yake tsallakawa kullum, so yake mota ta kwashe shi? Ina nan zuwa da yamma, ki haɗa masa kaya."

Na biyu ya biyo baya.

"Ita kuma matar can, ina da lambarta. Baiwar Allah ta sha wahalar miji makaho, kowa ya sani. Haƙƙinta ne ta san abin da za ta shiga. In Baba bai gaya mata ba, ni zan tura mata hoton."

Direba ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Baba."

Na ce, "Kalli hanyarka."

A gida ban cire riga ba. Na zauna a kujerar falo, kwalbar maganin tana aljihun gefe, takardar tana aljihun ƙirji. Na sa Auta ta duba mini wayar. Ta ce an saurari saƙon. Ba amsa. Na ce ta sake dubawa. Ba amsa. Maƙwabciya da ko gaisuwa na tura ba ta barin ta ta huce.

Agogon bango yana tafiya. Ni na haɗa shi da hannuna, amma ranar ji na yi kamar da gayya yake yi mini ƙara. Auta ta kawo abinci, ban taɓa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana son ta ce wani abu.

"Baba, akwai abin da..."

"Kin faɗi isasshe yau."

Na tashi. Na ce Babba ba za ta riga ni ba. Abin da zan faɗa in na isa, ban sani ba, wallahi ban sani ba.

Rana ta yi sanyi amma idona bai daina yaji ba. Na tsaya a bakin titin da nake tsallakawa shekara da shekaru. Na juya kai hagu gaba ɗaya. Na kama kaina ina yi. Mujiya. Na tsallaka.

Tana kan keke, amma ba ɗinki take ba. Ba kayan aiki ne a jikinta ba. Shuɗiyar riga ce mai aiki a wuya, wadda take sawa in za ta unguwa, da mayafi fari, jakarta a kan tebur. Agogon yana hannunta.

"Maƙwabci. Zauna."

Na zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki.

"Na ji saƙonka," ta ce. "Barka. Har layin ƙarshe?"

"Har layin ƙarshe."

"Ko jariri."

"Haka ta ce."

"To magana ta ƙare. Ni ce na yi maka zato. Ka turo manyanka su ga yayana."

Masu karatu, abin da na tsallaka titi nake nema ke nan tun farko. Ga shi an ajiye mini a tafin hannu. Abin da ya rage in ce na gode, in tashi, in je in tare Babba a ƙofar gida in ƙwace wayarta ko ta halin ƙaƙa. Na ma fara lissafin yadda zan yi.

Sai ta ɗaga hannu za ta gyara mayafi, agogon ya zame. Hasken ƙofa ya bugi gilashin. Ni na sa gilashin nan. Na tuna bakin agogon ranar da ta kawo shi, yadda yatsa ya cinye fentin lambobin don shafa. Mutum ne ya zauna cikin duhu yana lalube, ita kuma tana gefe.

Na sa hannu a aljihun ƙirji. Takardar ta yi mini nauyi kamar dutsen guga. Na ajiye ta a kan keken, a ninke.

"Akwai wannan kuma."

Ba ta taɓa ta ba.

"Hagu ja ne," ta ce. "Dama fa? Ban ji wannan ba, kun rage murya."

Na ɗago.

"Ina bencin, Maƙwabci. A hagunka. Da farko akwai wani tsoho tsakaninmu, aka kira shi ya tashi, ya zama ba kowa. Tun shigarka har fitarka ina nan. 'Yarka ta gan ni, na sa yatsa a baki." Ta ciro wayarta ta ajiye kusa da takardar. "Ina zaune, hannuna zai iya taɓa rigarka, kana yi mini saƙo. A cinyata wayar ta yi ƙara."

Warin man keke. Na rasa inda zan sa idona, mai kyan da marar kyan.

"Ka zo ne ka rufe bakin wata," ta ce. "To ga bakin. Rufe."

Ban taɓa ba mace haƙuri da baki ba. Marigayiya ma ta san haka, in na yi laifi sai dai in gyara abin da ya lalace a gida ta gane. Na buɗe baki.

"Na kawo takardar," na ce. Iyakar abin da ya fito ke nan.

"Ka kawo. Da ka fita ƙofar nan ba ka kawo ba, da gobe ka tarar na juya keke ya kalli bango."

Sai ta buɗe ta. Ba ta juya ta sama ko ƙasa ba, ta san yadda ake riƙe ta. Ta bi zoben dama da farce, gida-gida, ta daɗe a kan rawayan.

"Hoton mijina na farko ya fi wannan kyau," ta ce a hankali. "Kore ya fi yawa. Aka ba shi magani. Kullum in tambaya, ya ce ya sa. Namiji ne, ba a sa masa ido. Bayan ya makance ina kwashe kayan durowarsa na tarar da kwalaben a jere, ko hancinsu ba a huda ba. Wai yaji suke masa, kuma shi yana gani sarai." Ta ninke takardar. "Ciwon daga Allah ne, wannan na ɗauka. Kwalaben nan ne har yau ban yafe ba."

Waya ta fara ruri a aljihuna. Na san mai kira.

"Ina naka?"

Na ciro kwalbar. Ta karɓa, ta duba hancinta, ta dube ni.

"Ba a huda ba."

"Yanzu aka ba ni."

"Shi ma haka ya ce." Ta ja durowar keken, inda take ajiye allurai, ta nuna mini gurbi. "Nan za ta zauna. Safe da yamma ka tsallako, ni zan ɗiga. Ranar da shago yake rufe, 'yarka ta zo ta karɓa, ta dawo mini da ita in ga inda ruwan ya tsaya. Ran da ka yi fashi, kada ka tsallako washegari."

"A nan? A bakin titi?"

"A nan."

Shagonta ba ƙyaure gare shi ba, baki ne a buɗe. Mai faci yana gefe da majalisarsa, masu jiran mota suna tsaye, yaran makaranta suna wucewa. Mutanen da shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ganin kaina ba hula.

"Maganar manyan fa?" na ce.

"Na janye ta. Da saƙon ƙarya aka same ta."

"Babu ƙarya a..."

"Maƙwabci."

Na haɗiye sauran.

"Sai na ga hoto na biyu," ta ce. "Kuma tare za mu je, a damanka zan zauna."

Wata tasi ta tsaya a ƙofar shagona, can tsallake. Ko cikin hazo na san tafiyar Babba. Ta sauko da waya a kunne, ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ta juyo. Aljihuna bai daina ruri ba. Mai faci ya ajiye abin da yake yi.

Maƙwabciya ta ɗauki allura ta huda hancin kwalbar.

Na cire hula na ɗora a gwiwa. Na jingina, na ɗaga fuska sama kamar yaron da za a ba magani. Ta zagayo ta hagu, sai ta ɓace mini ɗungurungum, ita da shuɗiyar rigar. Rufin kwano kawai nake gani. Sai na ji yatsa mai sanyi a ƙasan idona, da agogon nan yana tafiya daidai kunnena.

Daga tsakiyar titi Babba ta ƙwala kira, "Baba!"

"Kada ka motsa," in ji Maƙwabciya. "Buɗe."

Na buɗe.